Keken da Babanku Ya Ɓoye Mini

Na san abin da aka faɗa muku a Kano. An ce babanku ya rasu a gadon asibiti a Faransa yana kan harkar turare, an kuma ce ni na hana a kawo gawarsa gida. Maganar asibiti ba gaskiya ba ce. Maganar hanawa kuwa gaskiya ce, ni na hana, kuma da yau ne abin ya faru da sai na sake hanawa. Lokacin kuna makaranta a hannun Baffanku Sule, ba wanda ya tambayi ra'ayinku, ni ma ba ni da bakin yi muku bayani. Yanzu Sadiq ya ajiye iyali, Ummi tana ɗakinta, Halifa ma har gemu ya fito masa. To ku ji daga wurina, don na gaji da irin kallon da kuke yi min duk sa'ad da aka ambaci kabarinsa.

Kun san sana'armu a Dubai, kago. Muna da ɗan shago a Murshid Bazaar inda 'yan kasuwar Kano ke kawo kayan da suka saro, mu ɗaure, mu auna, mu tura musu gida. Ni ce a kan sikeli. Duk kwalin da ya shigo ni ke sa a ɗora shi, ni ke rubuta sunan mai shi a gefe da baƙin alƙalami mai kauri, in manna masa lamba. Babanku kuma shi ke kula da sito a Al Quoz, inda ake loda kwantena. Mutum ne mai jiki. In ya zuba babbar riga ya shigo kasuwa sai ka ji Alhaji, Alhaji ta kowane lungu, har masu dako da ba sa jin Hausa sun iya wannan kalmar. Teɓar nan tasa kuwa da hannuna na gina ta, kuma ban taɓa ɓoye cewa ina alfahari da ita ba.

Wajen shekara biyu kafin rasuwarsa sai bawan Allah ya fara zubewa. Wuyan riga ya yi masa yawa, agogo ya koma yawo a hannu, kumatu suka faɗa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Kun san halinmu, in magidanci ya rame ba shi ake tambaya ba, matarsa ake kallo. A wani suna da aka yi a unguwarmu ta Hor Al Anz wata mata ta ja ni gefe, ta sassauta murya, wai lafiya dai kasuwa, ko kuwa Alhaji ne ba ya jin daɗin cimar gida. Wallahi da ba a gidan mutane muke ba da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na dawo gida na ɗaura ɗamarar yaƙi. Tuwon shinkafa da miyar taushe, in kwarara man shanu har ya yi iyo a kai. Duk fasinjan da zai taso daga Kano sai na ɗora masa saƙon fura da dambun nama. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ci yake yi kamar mai aikin gini, ya share kwano ya ce a ƙaro, amma rama sai gaba take yi. Na ce ciwon suga ne. Na tasa shi gaba har asibiti aka ɗebi jini. Likita ya duba takarda ya ce ina ma duk sa'anninsa haka suke. Na juya na ce wa babanku da Hausa, wannan likitan bai san aikinsa ba, tashi mu tafi. Ya yi ta dariya a mota har da hawaye, ni kuwa ina ta faɗa ni kaɗai.

Alamu duk suna gabana, ni ce ban iya karanta su ba. Kowace Asabar daga sallar asuba yake wucewa, wai zai duba kwantena a Al Quoz, ba ya dawowa sai azahar, fuska ta yi baƙi da rana, ya ci abinci ya miƙe a kujera ya yi ta munshari. Ƙwaurinsa ba ya rabuwa da ƙujewa. In na tambaya ya ce ƙofar kwantena ce. Sharaɓarsa ta yi tauri kamar taɓarya. Har faɗa na yi masa, na ce muna biyan lebura, a kan me Alhaji guda zai riƙa ɗaukar kaya da kansa. Ya ce to, Hajiya, an daina.

A ƙarshen zafin shekarar ya ce min zai je Faransa ganin masu turare. Ban yi mamaki ba, don ya taɓa zuwa. Na goge masa manyan riguna uku, na ninke da hannuna, na jera huluna a sama, na cusa kilishi a gefe. Ya ɗauki akwati ya ce sai ya dawo.

Ina shago da la'asar, ina kan auna kwalayen takalma na wani ɗan Kantin Kwari, wayata ta yi ƙara. Lambar waje ce. Da na ɗauka sai na ji muryar Isuhu, wani ɗan Maraɗi mai gyaran wuta a wani otal, wanda kan zo gidanmu cin tuwon sallah. Ban ma san ba ya gari ba. Ya yi gaisuwa ya sake yin gaisuwa, har na ce masa Malam Isuhu ina da mutane a gabana.

"Hajiya, sai haƙuri. Alhaji lokaci ya yi."

Ban san sa'ad da na zauna a kan kwalin mutane ba. Na yi salati, na yi innalillahi, bakina yana yi amma kaina bai karɓa ba. Na tambaye shi ko hatsarin mota ne. Ya ce a'a, a daji ne. Da na ji daji sai na kawo masu garkuwa da mutane a raina, don a lokacin duk wanda aka ce yana daji a wurinmu, to ɗauke shi aka yi. Na ce su waye suka kai shi. Ya ce ba wanda ya kai shi, da ƙafarsa ya shiga, a kan keke.

"Keken wa?"

"Nasa, Hajiya."

Na ce masa ya sake duba gawar da kyau, ba mijina ba ne. Mijina rabonsa da keke tun kafin a kawo lefena. Isuhu ya fara faɗa min a hankali, yana haɗawa da Faransancinsa in Hausa ta ƙwace masa. Ashe duk Asabar ɗin nan ba kwantena ake dubawa ba. A sito yake tuɓe riga ya sa gajeren wando da hular kwano, shi da su Isuhu su ɗora kekuna a mota su nufi duwatsun Hatta, su yi ta hawa da gangara. Keken a bayan kwalaye yake ɓoye shi, ya rufe da tamfol, a siton da ni ma nake shiga. Ashe tafiyar Faransa ma ba turare ba ce. Wani yanki suka je da ake kira Morvan, ƙauye ne da kurmi, inda aka fitar da hanyoyin keke a cikin itatuwa, kuma shekara guda suka yi suna shirin zuwa, da kekunansu suka tafi. A kan wani tudu zuciyarsa ta tsaya. Ina riƙe da waya ina kallon sikeli, allurarsa tana nan a tsaye kan nauyin takalman mutumin, na kasa gane wane ne na yi shekara talatin ina dafa wa abinci.

Kafin magariba Baffanku Sule ya kira daga Kano. Ko gaisuwar kirki bai yi min ba ya shiga ba da umarni. Da farko, maganar keke kada ta fita, don ba za a ce ɗan gidansu, Alhaji guda mai 'ya'ya, ya mutu a daji da gajeren wando ba. A ce asibiti. Daga nan labarin da kuka taso da shi ya samo asali. Sai kuma gawa, a kawo ta Kano ko nawa za a kashe, a fitar da ita daga zauren gidansu. Ya ce ku da kuke tura wa mutane firij da mota har ƙofar gida, ɗan'uwana ne zai gagare ku?

Abin da Yaya Sule bai sani ba, ni na taɓa ganin yadda ake tura gawa. Akwai wani ɗan kasuwa da ya rasu a Deira shekarun baya, mu muka taya iyalinsa bin takardu. Bawan Allah ya yi makonni a firij ana jiran sa hannun wannan ofis da wancan. Aka yi masa allurar hana ruɓa, aka rufe shi a akwatin ƙarfe aka liƙe, aka naɗe da leda. Ina tsaye a wurin lodi motar ɗaga kaya ta zo ta soka masa ƙarfe a ƙasa, ta ɗora shi a sikeli, wani yaro ya karanta kilo da ƙarfi, aka manna masa lamba irin wadda nake mannawa kullum, aka tura shi gefen kwalayen tayoyi ya jira jirginsa. Ranar ban iya cin abinci ba. Na tambayi Isuhu, ya ce a Faransa ma haka za a yi, kuma ba a fitar da gawa sai matarsa ta sa hannu. Ya ce amma akwai wani gari kusa da su mai ƙaramin masallacin 'yan Maroko, suna da ɓangarensu a maƙabarta, za su yi masa wanka da sutura su sallace shi cikin kwanakin nan.

Ina fushi da babanku a ranar, fushin da ban taɓa yi da wani mahaluki ba. Amma fushi daban, wannan daban. Na kira Yaya Sule na faɗa masa.

"Yaya, ni na san kago. Ba za a ɗora shi a sikeli ba. A binne shi inda Allah ya karɓi abinsa."

Abin da ya faɗa min ba zan rubuta ba, don har yanzu baffanku ne. Wanda ya fi yi min ciwo shi ne da ya miƙa wa Inna wayar. Kakarku a lokacin idonta ya riga ya tafi, kuma babanku shi ne autanta. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Kun san al'adarmu, kafin a ɗauki makara ana kiran uwa da mata su zo kan gawa su ce sun yafe. Wannan kawai ta ambata.

"Ba za ki bar ni in ce masa na yafe ba?"

Na ce Inna ki faɗa daga nan, Allah zai isar. Ta ajiye wayar. Daga ranar ba ta sake karɓar kirana ba, in na aika saƙo a dawo min da shi. Na sa hannu a takardar binnewa duk da haka, aka binne shi a can, ni kuwa na shiga takaba a ɗaki a Hor Al Anz, mata suna zuwa gaisuwa suna tambayar wane asibiti ne, ina cewa ban riƙe sunan ba. Da Isuhu ya dawo ya kawo min akwatinsa. Na buɗe na tarar da rigunan nan uku da ninkin hannuna, ko ɗaya bai warware ba. Kilishin ne kawai babu.

Da na fita takaba, sanyin can kuma ya wuce, sai na nemi biza. Isuhu da matarsa suka raka ni. Ban je don in yi kuka ba, na je ne in ga abin da ya fi ni, abin da mutum zai yi wa matarsa ƙarya shekara biyu saboda shi. Muka sauka a wani ƙauye mai gidajen dutse, fararen shanu suna kiwo ba makiyayi. Daga bayan gidajen daji ya fara. Oh ni, ban taɓa ganin itatuwa haka ba, dogaye, a cushe, rana sai ta yi dabara take sauka ƙasa. Ko'ina ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, ruwa yana gudu a ƙarƙashin saiwoyi, gansakuka ta rufe duwatsu. A jikin itatuwa an shafa fenti, wani ja wani shuɗi, Isuhu ya ce alamar hanya ce, kowane launi da wahalarsa, kuma ja babanku ya zaɓa. Ina tafe ina waige-waige, don jikina bai yarda a shiga daji haka kawai ba tare da an yi addu'ar tsari ba. Sai ga wasu tsofaffi biyu, mace da namiji, sun fi ni shekaru nesa ba kusa ba, sun gangaro a kan kekuna, laka har gira, suka ɗaga min hannu suna dariya suka wuce. Na tsaya baki buɗe har matar Isuhu ta taɓa ni.

Mota ba ta zuwa inda ya rasu. Da ƙafa muka hau, ina haki, ina riƙe saiwa, gwiwoyina suna ƙara, ina yi wa babanku faɗa a zuci a kan kowane dutse. Da muka kai sama itatuwa suka buɗe, sai ga ƙasa shimfiɗe a gabanmu, tudu bayan tudu, kore har inda ido ya tsaya. Isuhu ya nuna min wani faffaɗan dutse a gindin itace. Ya ce ranar an kwana ana ruwa, hanya ta yi santsi, samarin cikinsu duk suka sauka suna turawa, babanku kaɗai ya hau har ƙarshe bai sa ƙafa a ƙasa ba. Da suka iso suka same shi zaune a dutsen yana yi musu tsiya.

"Ku ai ba ku da mai yi muku tuwo da man shanu. Tuwon Hajiya ne ya hawo da ni."

Ya sha ruwa, ya jingina da itacen, ya lumshe ido. Suka ɗauka hutawa yake yi.

Na zauna a dutsen. Wato duk yaƙin da na yi don in mayar masa da teɓa, mai nake zuba wa keke. Na tambayi Isuhu me ya hana shi faɗa min. Ya sunkuyar da kai ya ce Alhaji ya ce in kika ji za ki ce ya zubar da girmansa. Ban musa ba, don haka zan ce, har ma in ƙara da wasu. Washegari suka kai ni maƙabarta, na ga kabarin a ɓangaren musulmi yana fuskantar alƙibla, an gyara shi tsaf. Na yi masa addu'a mai tsawo. Amma kalmar nan da Inna ta nema, ni da na samu dama na zo har kansa, sai na kasa furta ta. Na buɗe baki na rufe, na juya muka tafi.

Keken yana rumfar gidan da suka kama haya. Mai gidan ya ajiye shi yadda aka sauko da shi daga tudu, bai wanke ba. Lakar ranar ta bushe a tayoyi, ta cika tsakanin haƙoran roba, da guntayen ganye a ciki. Na ce a sa min shi a kwali haka nan. A filin jirgi da kaina na tura shi kan sikeli, na rubuta sunana a gefe. Shi dai keke ne, na yarda a auna shi.

Ban tsaya a Dubai ba sai Kano. Yaya Sule yana zaure da na sa aka sauke kwalin. Da ya gane abin da ke ciki ya miƙe ya ce wannan abin kunyar ba zai shiga gidan ubansa ba. Na ce masa ya matsa ko in bi ta kansa, kuma ya ga idona ya san ba wasa nake ba. Na tura keken da hannuna har ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma da carbi. Na yi sallama ba ta amsa ba, amma ta ji ƙarar kaca, ta ɗaga kai. Na durƙusa na faɗa mata komai, sito da tamfol, gajeren wando, tudun, dutsen, har maganar tuwo. Na ce ba a asibiti ya rasu ba, Inna, a kan wannan ya hau dutse yana dariya.

Ta miƙo hannu. Ta shafa sirdi, ta bi ƙarfe har ta kai birki, ta matsa shi ta saki. 

"Ashe bai daina ba."

Ta ce tun yana ƙarami yake sace keken mahaifinsa ya shiga gonaki da shi, ya dawo gwiwa duk jini, a zane shi, gobe ya koma. Ita ke ɓoye masa wandon da ya yage. Ta ce ranar da ya fara sa babbar riga ta yi murna, amma ta san an rufe wani abu. Hannunta ya sauka kan taya, ya tsaya a kan busasshiyar lakar. Ta tambaye ni ko ƙasar can ce, inda yake kwance. Na ce ita ce. Sai ta sa farce ta fara ɓantarowa a hankali tana tarawa a tafin hannu, ta kai hanci ta shinshina, ta zuba a haɓar zaninta ta ƙulle. Ta riƙe ƙullin da hannu biyu.

"Je ka, Auta. Na yafe maka duniya da lahira."

Yaya Sule yana bakin ƙofa, na ji ya juya ya fita. Ni kuwa ina durƙushe, hawayen da ban yi a Faransa ba suka zo. Inna ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina, karo na farko tun ranar wayar nan.

"Ke da kika je har kansa, kin faɗa masa?"

Na ce a'a, Inna, na kasa.

Ta kwance haɓar zanin, ta laluba hannuna ta buɗe shi, ta raba ƙasar biyu ta zuba min rabi. Ta ce to ga shi nan, faɗa masa yanzu, ina ji. Na faɗa.

Nata rabin ban san inda ya shiga ba bayan rasuwarta. Nawa shi ne ƙullin farin ƙyallen da ke ƙasan akwatina, wanda Ummi ta ɗauka bara tana gyaran ɗaki ta ce wannan datti ne za ta zubar, na daka mata tsawa har ta yi fushi. Yanzu kin san abin da ke ciki.